Nasiha ga Al'umma kan Tanadi da Zuba Jari

Kuɗin da aka ƙulle a akwati, ko aka bari kwance a asusu, ba ya zama yadda aka ajiye shi. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500, hauhawar farashin kaya kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya ɓoye miliyan ɗaya tsawon waɗannan shekaru, adadin yana nan, amma buhunan masarar da za ta saya sun ragu ƙwarai. Mutanen Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Ajiya kaɗai ba ta tsare dukiya, sai an sa ta aiki.

Kafin a kai ga jari, wajibi ne magidanci ya san abin da ke shigo masa da abin da ke fita, ya kuma rubuta. Ɗan kasuwa ya raba uwar kuɗi da riba, ya raba kuɗin shago da na cefane. Shaguna da dama ba faɗuwar kasuwa ce ta rufe su ba. Biki da suna da kunyar hana bashi ne suka cinye jarin kaɗan-kaɗan. A kuma ware abin da zai riƙe gida na wasu watanni saboda rashin lafiya ko tsayawar aiki, don kada lalura ta tilasta a sayar da kadara a wulaƙance. Adashi yana koya wa hannu riƙo, amma ba ya haihuwa, kuma mai kwasar ƙarshe kan tarar kaya sun tashi.

Fili da gwal da kiwo da ajiyar hatsi hanyoyi ne da Bahaushe ya daɗe da sani, kowace da nata haɗarin. Fili mara takarda rigima ce ake saye. Dabba tana cuta, ana kuma sace ta. Hatsi yana ƙwari. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta nuna abin da ke samun wanda ya tara komai nasa a rumfa ɗaya. Hikimar ita ce a rarraba.

Mai gudun riba ta haram ma yanzu ba shi da uzuri. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu bankunan da ba sa kuɗin ruwa suka biyo baya. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, a 2017, na naira biliyan 100, don gina hanyoyi, kuma da naira 10,000 ana iya shiga. Akwai takaful a madadin inshora, akwai kuma asusun fansho na masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2019. Ribar waɗannan ba ta da armashi a wata guda. Sai an bar ta shekaru, ana mayar da ita cikin jari, sannan take nuna kanta.

Rashin wannan haƙurin ne mayaudara suke ci da shi. Manhajar zuba jari ta bogi MMM ta rufe da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, irinta CBEX ta maimaita a 2025, kuma salon bai canza ba: alƙawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, da lada ga wanda ya kawo wani. Ana biyan na farko ne da kuɗin na baya har ranar da ta ɓare. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk kamfanin zuba jari da ba shi da rajista da hukumar SEC mai kula da hannayen jari, a nisance shi, ko da malami ko ɗan uwa ne ya yi masa talla.

Sai kuma haƙƙoƙi. A fitar da zakka, kashi biyu da rabi cikin ɗari, idan dukiya ta kai nisabi ta shekara. A rubuta bashi da haɗin jari gaban shaidu, ko da tsakanin wa da ƙani ne, domin marayu da yawa sun rasa gadonsu saboda mamaci bai bar takarda ba. Ya kamata kowane magidanci ya sanar da iyalinsa inda kadarorinsa suke tun yana da rai, malamai kuma su riƙa tunatar da jama'a wannan a huɗuba da wuraren karatu.