Misali da Habaici a Wurin Aiki

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka soma bin Almasihu, ko kuwa kana tambaya tukuna, ga magana a kan harshenka a wurin aiki. Idan Allah ya sa yaro a ƙarƙashin hannunka, ko a jirgin su, ko a gonar shinkafa, ko a rumfar kasuwa, da wace irin magana za ka koya masa?

Ubangiji Yesu ya nuna mana hanya. Cikin Linjila ta hannun Matiyu, sura 13, ya yi koyarwa da misalin mai shuka da na taru, gama manoma ne da masunta ke sauraronsa. Abin da idonsu ya saba gani, da shi ya buɗe musu abin da ba su sani ba.

Kai ma kana da misali a bakin ƙofarka. Dā Kogin Haɗejiya yakan cika fadama da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Amma bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina yankewa a waɗansu hanyoyi. Sai ciyawan nan kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru, har wani gonarsa ta nutse, wani kuwa ruwa bai kai gare shi ba.

To, a ce yaronka ya ga 'yar ɓula a jikin koma, ya ce sai gobe ya ɗinke. Idan ka zage shi, zagin kaɗai zai riƙe. Amma kai shi bakin ruwa, ka nuna masa kacalla, ka ce, “Ɗana, wannan da tsiro ɗaya ta fara, hannu ɗaya kuwa ya isa ya tumɓuke ta. Yau sai an yi gayya. Hakanan ɓular nan take.” Duk ran da ya wuce wurin, ciyawar za ta maimaita masa karatun, ko ba ka nan.

Amma ka yi hankali, gama misali yana da wani ɗan'uwa mai kama da shi, sunansa habaici. Dukansu biyu da kwatanci suke tafiya, zuciyarsu ce dabam. Mai habaici yakan jefa maganarsa a gaban jama'a, domin ta soki mutum ba tare da ya sami bakin amsawa ba. Yaro zai ji kunya, 'yan'uwansa su yi dariya, koma kuwa tana nan da ɓularta.

Ka tuna da Annabi Natan, sa'ad da Sarki Dawuda ya yi babban zunubi. Ya tafi wurinsa, ya ba shi labarin mawadaci wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci. Da sarki ya husata da mawadacin, Natan bai tsaya ga gugar zana ba, ya faɗa masa a fili cewa shi ne mutumin. Dawuda kuwa ya tuba.

Saboda haka, kafin ka buga misali, ka tambayi zuciyarka abu uku. Na fari, gyaran yaron nake nema, ko kunyarsa? Na biyu, in ya tambaye ni ma'ana, zan iya faɗa masa ido da ido? Na uku, ni kaina ina bin abin da nake koyarwa? Gama wanda yake rage mudu a kasuwa, in ya yi wa yaro wa'azin kacalla, yaron mudun zai koya.

Danginka da maƙwabtanka waɗanda ba su karanta Linjila ba, suna kallon yadda kake bi da na ƙarƙashinka. Ka roƙi Ubangiji ya tsare bakinka gobe da safe, sa'ad da za ka fita aiki.