Sauƙi Ba Waraka Ba Ne

Mutumin Anka ko Gummi bai cika tunanin teku ba, amma babur ɗin da yake hawa da injin ban-ruwan da ke gonarsa ta teku suka iso. Shi ya sa nake ganin muna da haƙƙin tofa albarkacin bakinmu a kan man da jiragen dakon kaya ke ƙonawa.

Shekaru da dama jiragen nan suna shan baƙin mai mai kauri, wanda hayaƙinsa ke ɗauke da farar wuta. A shekarar 2020 hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta rage adadin farar wutar da aka yarda a samu a man daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari. Wasu kamfanoni suka koma ga iskar gas da ake sanyayawa har ta zama ruwa, irin wadda Nijeriya ke fitarwa daga Bonny tun 1999. Kusan ba ta da farar wuta, toka kaɗan take fitarwa, kuma iskar kabon ɗinta ta gaza ta baƙin mai da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu. Wannan ci gaba ne, ba na musunsa.

Sai dai akwai abin da ido ba ya gani. Gas ɗin nan mafi yawansa iskar mitan ce, kuma wani kaso nata yakan sulale daga injin ba tare da ya ƙone ba. A cikin shekara 20, mitan tana ɗumama duniya fiye da kabon sau 80 ko kusa da haka.

Mu a yammacin Zamfara mun san illar abin da ba a gani. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙurar ba ta yi kama da guba ba, kuma ba mugunta ce ta sa iyaye kawo ta gida ba, neman halaliya ne. An lissafa ribar da ke bayyane, ba a auna cutar da ke ɓoye ba.

Malaman fiƙihu sun ce idan cuta biyu suka haɗu, a ɗauki mafi sauƙi. Na yarda da wannan ƙa'ida, amma tana da sharaɗi: sai an auna cutukan biyu da gaskiya, kuma mai zaɓen bai manta cewa cuta ya zaɓa ba. Wanda ya kira gas “mai tsabta” maimakon “mai sauƙin illa” ya rufe ƙofar neman abin da ya fi shi.

Saboda haka ra'ayina shi ne jirage su yi amfani da gas, amma a tilasta auna mitan ɗin da ke sulalewa, a bayyana wa duniya sakamakon, a kuma ci gaba da neman makamashin da zai gaje shi. Ɗumamar da jirgi ya haifar a tsakiyar teku, manomin fadamar Gummi yana cikin waɗanda za su biya kuɗinta, ko da bai taɓa ganin jirgin ba.