Mawaƙin Da Ba Shi Da Ubangida: Wa Ke Binsa Bashi?

Tambayar da nake so mu tattauna a nan, 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, ita ce: mawaƙin da ba ya ƙarƙashin kowa, daga ina yake samo waƙarsa, kuma wa ke binsa bashi a kanta?

Sha'anin makaɗin fada a fili yake. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Irin wannan makaɗi ya san ubangidansa, ya san tarihin gidan da zai wasa, ya kuma san inda riga da doki za su fito. Amma akwai mawaƙin da ya ɗauki kayan kiɗansa ya shiga duniya. Shi ake cewa mai cin gashin kansa. Ni kuwa a ganina wannan suna bai cika ba.

Bari mu ɗauki Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946, ya rasu a 2015. Kayan aikinsa kuntigi ne, wato ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ya yi Waƙar Karen Mota, da Jawabin Aure, da Auren Dole. Duk waɗannan ba a fada ya samo su ba. A tasha ya gan su, da kasuwa, da cikin gidajen talakawa. Wannan ita ce rijiyarsa ta farko, wato zaman yau da kullum.

To, a nan gizo ke saƙa. Yaron mota shi ya sha rana da ƙura da zagin direba, mawaƙi kuwa shi ya sami suna. Yarinyar da aka yi wa auren dole ita ta yi kuka, ba a kuma nemi izininta ba kafin a sa kukan nata a faifai. Wani zai ce ai wannan cin gumin wani ne, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan suka tana da ƙarfi, bai kamata mu yi watsi da ita ba.

Amsata ita ce, abin da mawaƙi ya ɗauko daga rayuwar mutane rance ne, ba kyauta ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanyar biyan wannan rance kuwa ita ce faɗin gaskiya a kan masu abin, har wanda bai taɓa duban yaron mota ba ya gane cewa shi ma mutum ne mai neman halalinsa. Idan mawaƙi ya mai da wahalarsu abin dariya don a yi masa liƙi, ya ci amana.

Sai dai jama'a ma ubangida ce, kuma takan fi sarki wuyar sha'ani, domin abin da take so a yau ba shi take so gobe ba. Me zai hana mawaƙi ya zama ɗan amshin shatan masu tafi? Abu biyu nake gani.

Na farko shi ne tuna baya. Ɗanmaraya ya rasa iyayensa tun yana jariri, Sarkin Bukur ne ya riƙe shi, bai kuwa ɓoye maraicin ba, sai ma ya mai da shi sunansa. Wanda bai manta da ranar da ya rasa gata ba, da wuya ya yi wa marar gata ba'a. Waiwaye adon tafiya ne, amma ga mawaƙi ya wuce ado, linzami ne.

Na biyu shi ne karatu. Ido yakan nuna wa mutum abin da ke faruwa, ilmi kuwa shi ke ba shi mudun da zai auna shi. Malam Aliyu Namangi makaho ne, ta kunne karatu ya shige shi, amma dubi yadda Imfiraji ta ɗora halayen mutanen zamani a kan ma'aunin addini. Haka Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya haɗa ilmin Arabiyya da na boko kafin ya yi wa Arewa gargaɗi a waƙe.

Saboda haka, ni ban yarda akwai mawaƙin da ba shi da ubangida ba. Wanda ya bar fada, iyayen gida ya ƙara, domin duk wanda ya aro rayuwarsa yana binsa bashi. Mu da muke rubuta waƙoƙi a wannan ƙungiya, ya kamata kowa ya tambayi kansa kafin ya ajiye alƙalami: in mai wannan labari ya ji baitin nan, zai ce an faɗi gaskiyarsa, ko kuwa an ci kasuwa da shi? Allah Ya sa mu dace.