Ko Ya Kamata Gwani Ya Koyar Da Dukan Abin Da Ya Sani?

Babu ma'aikatar da za a shiga, ko ofis, ko asibiti, ko masaƙa, ko garejin gyaran mota, da ba za a tarar da wanda aka ɗora wa nauyin koya wa sababbin ma'aikata aiki ba. Wani naɗa shi aka yi musamman, yana shirya kwas, yana ba da jarrabawa. Wani kuwa daɗewa ce kurum ta sa duk yaron da aka ɗauka sai a zaunar da shi kusa da teburinsa. Ko wanne ne daga cikinsu, akwai ranar da zuciyarsa za ta ce masa, "Yaron nan in ya gama sanin abin da ka sani, kai kuma ina amfaninka?"

Bai kamata a yi saurin zargin mai wannan tunani ba, gama yana da dalili. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya. A 1954 aka ɗaukaka ta, ta zama makarantar koyon aikin mulki, wadda aka fi sani da Kongo, sa'an nan a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarun nan Gwamnatin Jihar Arewa tana gaggawar samun 'yan Arewa waɗanda za su riƙe manyan ayyuka. Sai a ɗauki saurayi daga ofishin En'e a aika da shi kwas, ya komo da takardar shaida, a ɗora shi bisa tsohon akawun da ya nuna masa yadda ake ja layi a littafin kuɗi. Tsoho ya wayi gari shi ke miƙewa tsaye in yaron ya shigo. Zamanin En'e ya wuce, amma wannan ɗaci bai wuce ba, har yau ana ɗanɗanarsa a ofisoshi da masana'antu.

Masu ba da aiki su ma suna da irin nasu tsoron. Mutum ya kashe kuɗi ya horar da ma'aikaci, ranar da ya ƙware sai wani ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi. A 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikata, wanda babban ofishinsa ke Jos, aka wajabta wa manyan kamfanoni su riƙa zuba kuɗi a ciki, wanda ya horar da mutanensa a mayar masa da wani kashi. Hikimar wannan ita ce kada wahalar shuka ta faɗa kan mutum ɗaya, girbi ya zama na wani. To, doka tana iya sa kamfani ya biya kuɗi, amma babu dokar da ke iya buɗe cikin gwani ta fito da abin da ya ƙudurta zai ɓoye. Wannan sai halinsa.

Mai ɓoyewa yakan ce, "Da guminsa kowa ya samu nasa, ni ma sai da na sha wuya." Gaskiya ne ya sha wuya, amma ya manta da abu ɗaya, watau shi ma wani ne ya koya masa. Sanin aiki ba gona ba ce da ya share da hannunsa, amana ce da ya karɓa daga na gaba domin ya miƙa wa na baya. Sana'o'in gargajiya sun isa misali. Sau da yawa akan ji an ce wane shi ne ƙarshen masu iya irin wannan rini, ko ɗori, ko ƙira, ya tafi da saninsa. Mutanen gari kuwa ba yabonsa suke yi ba sa'ad da suke faɗin haka, hasararsu suke ƙirgawa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ba yaron kaɗai ake cuta ba. A ce babban akawu ya koya wa yaronsa rubuta rasit, amma ya ƙi nuna masa yadda ake daidaita littafi a ƙarshen wata, don a riƙa nemansa. Ran nan ciwo ya kwantar da shi mako uku. Albashin leburori ya makara, takardun wani tsoho mai jiran fensho suka ɓace, aka komo ana neman kuɗi wurin talakan da ya riga ya biya. Waɗannan mutane ba su san akawun ba, ba su yi masa laifin kome ba, amma su suka biya kuɗin tsoronsa. Da ma gaba ce tsakanin mutum biyu, da da sauƙi.

Shi kansa mai ɓoyewa bai tsira ba. Wanda ya mai da kansa mabuɗin da babu irinsa, ya ɗaure kansa a bakin ƙofa ɗaya. Ba ya samun hutu, domin babu mai riƙe masa. In gurbin ƙarin girma ya samu, sai shugabanni su ce, "In aka ɗaga wane, wa zai yi aikinsa?" Sai a ɗaga wani. Ga shi kuma aiki yana sakewa. Gwanin tafireta na jiya ya ga kwamfuta ta zo, sau da yawa kuwa yaran da ya horar su ne suka zaunar da shi suka nuna masa. Wanda ya sake musu hannu a dā, su ma suka sake masa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Amma fa akwai bambanci tsakanin ɓoyewa da bi sannu. Maƙeri ba ya miƙa wa yaro guduma ran da ya zo, sai ya daɗe yana zuga. Ma'aji ba ya ba sabon malami mabuɗin akwatin kuɗi sai ya gwada amanarsa. Wannan ba rowa ba ce, hankali ne. Ga yadda gwani zai auna kansa: in yana jinkirtawa ne domin yaron bai isa ba tukuna, yana kuma ɗokin ranar da zai isa, to, malami ne. In kuwa yana jinkirtawa ne domin yaron ya kusa isa, to, tsoro ne ya yi masa rawanin hikima.

Shugabanni su ma akwai hakki a wuyansu. Ba daidai ba ne a ce wa mutum ya juye dukan abin da ke cikinsa, sa'an nan a jefar da shi kamar tulun da ya tsage. Ya kamata a riƙa aika mai horarwa shi ma ya ƙaro sani, a kuma lissafa masa yawan waɗanda suka ƙware a hannunsa sa'ad da ake shawarar ƙarin girma. Inda aka yi haka, tsoro yakan ragu, hannu yakan sake.

Ko da shugabanni sun gaza, ko da yaron ya yi butulci ya wuce bai gaishe shi ba, nauyin bai sauka daga kan gwani ba, domin amanar ta jama'a ce. Ranar da ya aje aiki, ba za a tambayi abin da ya tafi da shi a ciki ba. Za a duba ofishin da ya bari, a ga ko aiki yana tafiya.