Kogon Jinin da ke Bayan Ido

Mahaucin da ke fasa kan rago a kasuwar Gariki ta Inugu, in ya ɗaga ƙwaƙwalwa ya dubi ƙashin da take zaune a kai, zai ga ɗan kwarmi a tsakiya, da jini baƙi-baƙi kwance a damansa da hagunsa. Ɗauraye shi yake yi ya wuce, alhali nan akwai abin da ya isa a tsaya a yi tasbihi.

Kogo ne na jini, ɗaya a bayan kowane ido. A jikin rago da akuya da barewa, jinin da numfashi ya sanyaya a cikin hanci nan yake gangarowa ya taru. Shi kuwa jini mai ɗumi da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, sai Allah Ya rarraba shi cikin siraran jijiyoyi, suka ratsa ta tsakiyar mai sanyin. Yadda danshin jikin randa ke sanyaya ruwan ciki, haka danshin hancin dabba ke rage wa ƙwaƙwalwarta zafi, tana tsaye cikin ranar bazara. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan tsari.

Kogon na mutum tsawonsa bai wuce kamar santimita 2 ba. Wani masanin jiki a Faransa, Winslow, shi ya raɗa masa suna a 1732. Babbar jijiyar wuya, wadda ake jin bugunta a ƙarƙashin muƙamuƙi, tana kutsawa cikinsa ta yi lanƙwasa ta fita. Duk jikin ɗan Adam babu inda jijiya mai ɗauko jini daga zuciya ta ratsa ta cikin jinin da ke komawa sai nan. A wannan ɗan matsatsin ne kuma jijiyoyi uku masu juya ƙwayar ido suka bi, da biyu masu kai saƙon taɓi daga goshi da kumatu. Mutum ya shekara tamanin jini mai ƙarfi na bugawa kusa da mai tafiya a hankali, ɗan siririn bango ne kawai tsakaninsu, ba su haɗu ba.

Ranar da suka haɗu ake sanin darajar bangon. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu mazauna Kudu, domin samarinmu ne a saman tirelolin shanu da albasa masu sauka Anacha da Fatakwal, su ne kuma a kan babura. In aka yi haɗari ƙashin gindin kai ya tsage, jijiyar na iya yagewa cikin kogon. Sai jini ya juya da baya, ya nufi ido. Wani lokaci sai bayan kwanaki ko makonni, har an gama zuwa jaje, ido ya kaɗa ya yi jawur, ya turo waje, yana harbawa daidai da bugun zuciya. Abu ɗaya ya zama biyu a gabansa. Da dare kuma yana jin fuu, fuu, cikin kansa, babu mai ji sai shi. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce afolo ne a yi ta ɗiga magani, ko a ce jifa ne, har gani ya tafi. Likita kuwa na ɗora abin sauraronsa a kan fatar idon zai ji ƙarar. Inugu na da likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla da asibitin Memfys na Farfesa Samuel Ohaegbulam, Fatakwal ma tana da asibitin koyarwa na jami'arta.

Akwai kuma wata ƙofar: jinin hanci da na leɓen sama yana da hanya zuwa kogon, don haka matse maruru a nan na iya tura ƙwayar cuta ciki, jini ya daskare.

An daɗe likitoci na shakkar taɓa wurin, domin wuƙa na shiga jini ke ɓallewa. A 1809 Benjamin Travers a Landan ya ɗaure jijiyar da ta yage tun daga wuya, matar da ya yi wa ta samu sauƙi, amma hanya ce da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. A 1965 Dwight Parkinson na Kanada ya nuna wata 'yar kafa tsakanin jijiyoyin ido da za a iya shiga ta cikinta. Sai Fedor Serbinenko na Mosko ya bayyana tasa dabarar a 1974: a zura siririn bututu ta cikin jijiya, a bar jini da kansa ya ja ɗan ƙaramin balan-balan har bakin ɓarakar, a hura shi ya toshe ta, a sake shi a can. Yau galibi ta gindin cinya ake shiga, ana kallo a allo, a cusa lallausar wayar filatinam ta nannaɗe cikin kogon har yoyon ya tsaya. Ba a fasa kai, jijiyar wuya ta ci gaba da kai wa ƙwaƙwalwa jini, ƙarar ta ɗauke, kumburin idon kuma ya riƙa saɓewa cikin kwanaki ko makonni.