Zanga-zangar Gyaran Zaɓe: Tawaye ce ko Nasiha?

Malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin fita titi domin neman a gyara dokar zaɓe. Wasu suna ganin hakan wani nau'i ne na tawaye ga shugaba, wanda magabata suka hana saboda gudun fitina. Suna cewa nasiha ga mai mulki a keɓe ake yin ta, kuma taron da ya fara lami lafiya yakan faɗa hannun ɓata-gari. Tsoronsu yana da tushe, domin rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a arewacin Najeriya ya ci rayuka fiye da 800, bisa ƙiyasin Human Rights Watch.

Sai dai tawayen da malaman fiƙihu suka yi bayani a kai shi ne ɗaukar makami domin kifar da shugaba. Mai neman gyaran zaɓe kuwa yana roƙon a cika alkawarin da shugaban ya yi rantsuwa a kansa. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa 'yan ƙasa damar taruwa. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007 cewa taron lumana ba ya buƙatar izininsu. Wanda ya yi amfani da haƙƙin da hukuma ta amince masa da shi, da wuya a ce ya saɓa mata.

Hujja mafi nauyi tana cikin ma'anar ƙuri'a kanta. Ƙuri'a shaida ce da mutum yake bayarwa cewa wane ya cancanci riƙon amana, don haka maguɗi shaidar zur ce da aka ɗora wa al'umma baki ɗaya. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi mulki yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Gwamnati ta yi watsi da shawarar kwamitin ta cire naɗin shugaban hukumar zaɓe ta INEC daga hannun shugaban ƙasa, lamarin da ya nuna iyakar nasihar da ake yi a cikin ofis. Dokar Zaɓe ta 2022 ma sai da ƙungiyoyin farar hula suka yi gangami a Abuja kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Fabrairu na shekarar.