Jirgin La'asar

A garin Rajahmundry na ƙasar Indiya, a bakin kogin Godavari, an yi wani tsoho mai yin alƙaluman tawada da hannu. Garin ya yi suna a wannan sana'a tun 1932, lokacin da gidan Ratnam suka fara ta don amsa kiran Gandhi na a koma ga kayan gida a bar na Ingila, har shi Gandhin ya rubuto musu takardar yabo a 1935. Tsohon namu bai kai su suna ba. Rumfarsa 'yar ƙarama ce, kuma hanci kan riga ido isa gare ta, domin ebonait yake feƙewa, wato roba da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri kamar ƙaho, in ƙarfe ya ci ta sai wari ya tashi.

Yana da yaro guda mai koyon aiki, mai saurin hannu. Yaron ya iya feƙe jikin alƙalami a kan inji, ya iya yanka tiredi, ya iya gogewa har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Tsohon ba ya sa wa alƙalami maƙalin aljihu sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Alƙaluma su cika faranti, an gama su tsaf, amma duk murafensu sumul, suna jiran masu su.

Aikin maƙalin kuwa ba wani mai tsawo ba ne. Tsohon kan ce a da, a 1905, kamfanin Waterman na Amurka da 'yan ƙusoshi yake kafe shi a gefen murfi, sai Parker ya zo a 1916 da mai zobe, shi ne da yawa suka bi. A kwance kan murfin, a zura zoben a kan ɗan tudun da aka bar masa, a ɗauki magagari a yanke 'yar kafa a bakin murfin inda wuyan maƙalin zai kwanta don kada ya riƙa juyawa, sannan a mayar da kan a ɗaure. Wuyar tana wajen lanƙwasa. In ya matse da yawa ya yaga aljihu, in ya saki alƙalami ya faɗi ranar da mai shi ya sunkuya. Shi ya sa tsohon ya rataye tsummoki a kan wata ƙusa: kadi mai kauri saƙin hannu, kakin ma'aikatan gidan waya, farin yadi marar nauyi, da ƙyallen alharini. Ya dubi rigar mutum, ya zaro tsumman da ya yi kama da ita, ya maƙala, ya kifa ya girgiza. Yaron dai a ransa yana cewa tsufa ne kawai.

Wata rana tsohon ya haye kogi zuwa Kovvur wajen biki, ya bar wa yaron rumfa. Rana ta take tsaka sai ga ɗan aiken wani babban lauya a kan keke, gumi na zuba. Ya nuna alƙalamin da ya fi kowane kyau a farantin, mai ratsin ja da baƙi, ya ce maigidansa na so yanzu yanzu, kyauta za a yi da shi, mai karɓa kuma zai bi jirgin la'asar zuwa Madras. Ya zube kuɗi ninki biyu, ya ce a sa masa abin maƙalawa ya wuce.

Yaron ya tambaye shi wa za a ba. Ɗan aike ya ce shi aiko shi aka yi, ba a aiko shi da tarihi ba.

Yaron ya dubi kuɗin. Ya kwance kan murfin, ya zaɓi maƙali mai ruwan zinariya, ya gwada zoben, ya zauna daram. Ya ɗauki magagari ya ɗora a bakin murfin. Ya ce a ransa, ai wanda lauya zai yi wa kyauta farar riga zai sa, ko dai kwat, in na lanƙwasa tsaka-tsaki wa zai sani? Ga shi Maigida zai dawo ya tarar da cinikin kwana biyu a yini ɗaya. Sai kuma ya tuna sandar ja da baƙin nan ta ƙare, wannan murfin ne ƙarshenta, kuma kafa in an yanke ta ba a mayar da ita. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusa, ya rasa tsumman da zai zaro. Ɗan aike na ta buga ƙararrawar keke a waje. Magagari ya daɗe a inda yake bai ci komai ba.

Can sai yaron ya ajiye shi. Ya naɗe alƙalamin a ƙyalle, ya zuba maƙalai uku da magagari da filaya a jaka, ya haɗa da tsummokan gaba ɗaya, ya ja ƙofar rumfa ya sa kwaɗo. Ya ce wa ɗan aike, “Yaya, ɗauke ni a bayan keken nan.” Ɗan aike ya kwashe kuɗinsa, ya ce in haka ne rabin kuɗin ya koma aljihunsa, domin ladan sauri ne, ba ladan yawo ba. Yaron ya ce ya ji.

Suka tarar da lauya a baranda, an jera akwatuna. Yaron ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, rigar mai alƙalamin na zo gani.” Lauya ya dube shi sama da ƙasa, ya kwashe da dariya, ya ƙwala kira cikin gida. Sai ga 'yarsa ta fito, wadda ta sami aikin koyarwa a Madras, sanye da sari. Yaron ya duba dama, ya duba hagu. Yadi ne har yadi, amma babu aljihu ko ɗaya.

Ya tambaye ta ina take ajiye alƙalami. Ta nuna masa siririyar sarƙar da ke ƙugunta, inda makullan akwatinta ke rataye, ta ce biyu ta ɓatar bara, duk a aji, ta ajiye a tebur ta manta. Yaron ya mayar da maƙalansa jaka. Ya roƙi aron keken, ya koma rumfa, ya huda kan murfin kaɗan ba tare da ya ɓulla ciki ba, don kada iska ta shiga ta busar da tawada, ya ɗaura ɗan zoben tagulla ya liƙe. A tasha ya cim musu, jirgi na huci. Ta zura zoben a sarƙarta ta miƙo masa kuɗinsa, ninki ɗaya, ta taga.

Da dare tsohon ya dawo. Maƙwabci ya riga ya tsegunta masa cewa an rufe rumfa da rana tsaka, mutum biyu sun zo sun koma. Ya zauna ya saurari labarin yaron har ƙarshe, yana sosa gemu. Ya ƙirga kuɗin sau biyu. Sannan ya ce cinikin mutum biyun nan za a cire daga ladan yaron, tun da ba wanda ya ce ya rufe ƙofa. Yaron ya ce to, Maigida.

Da safe wani ma'aikacin gidan waya ya shigo karɓar alƙalaminsa, ya nufi tsohon yana gaisuwa. Tsohon bai tashi daga tabarma ba. Ya nuna yaron da haɓa, ya ce, “Kai masa aljihunka can, ni yau shayi nake sha.”